Wane aisi zan sa wa bakin Type-C ɗina? Ga yadda ni nake zaɓa

Yanzu a Bauchin nan duk wanda zai haɗa wani ɗan abu na lantarki, ɗalibin ATBU ne da furojet ɗinsa na ajin ƙarshe, ko yaran Poly na Gwallameji, ko mu da muke zaman shago muna haɗa akwatin sola da ɗan batirin da zai riƙe rauta in an ɗauke wuta, kowa bakin Type-C yake so ya sa. Kuma da gaskiyar mutane, cajar tana ko ina yanzu, iPhone ma da ta daɗe tana nata daban ta dawo layi tun iPhone 15 a 2023, Tarayyar Turai kuma ta mai da shi dole ga wayoyi daga 28 ga Disamba 2024, to kaga duk masana'anta can suka nufa, mu kuma abin da suka ƙera shi ke sauka a Wunti. Matsalar ita ce mutum zai zo ya ce Malam wane aisi (IC, ɗan guntun lantarkin nan mai ƙafafu da ake ɗorawa a bod) ne ya fi kyau na PD (Power Delivery, tsarin da caja da kaya ke sasanta ƙarfin wuta ta bakin Type-C), kamar akwai guda ɗaya da in ka saya shikenan ka huta. Babu. Ni kam abin da nake fara tambaya shi ne, ranar da aka soka wa bod ɗinka cajar da ba ta da wutar da kake nema, me kake so ya faru? Amsar wannan ita ke fitar da aisin, ba arha ko sunan kamfani ba, domin cajojin da ke hannun mutanenmu ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan.

Amma kafin nan, wataƙila ma ba ka buƙatar aisi sam. In abin naka 5V yake ci, irin su ESP32, ƴar ƙwaƙwalwar nan mai WiFi, da ƴar fitila da sensa, razista biyu na 5.1k sun gama maka aiki, ɗaya daga ƙafar CC1 zuwa ƙasa (GND), ɗaya daga CC2 zuwa ƙasa, su CC1 da CC2 ɗin ƙafafu ne a bakin Type-C da caja ke gane abin da aka soka mata ta kansu. Cajar Type-C ta gaske ba ta sakin wuta haka kawai, bakinta a 0V yake zaune har sai ta ji wannan 5.1k ɗin sannan ta buɗe 5V. Shi ya sa kake ganin wasu ƴan fitilu da fankoki masu arha suna caji da igiyar nan mai babban kai irin na da amma in ka sa musu igiya mai Type-C kai da kai sai su yi shiru, razistocin ne ba a sa ba, ba wani aljani. Kuma dan Allah kowace ƙafa da tata razistar, kar ka haɗe CC1 da CC2 ka ba su guda ɗaya don rowa. Raspberry Pi 4 na farko da ya fito a 2019 haka aka yi masa, sai ya zama in ka sa igiya mai ɗan aisi a ciki, irin na laftof, cajar sai ta ɗauka na'urar sauti aka soka mata ta ƙi ba da wuta, sai da suka gyara bod ɗin a fitowa ta gaba. Ita caja tana gaya maka ƙarfinta ta nan ma, razistar da take ɗaga CC da ita zuwa 5V in 56k ce to wutar USB ta yau da kullum ce, in 22k ce 1.5A, in 10k ce 3A. Wato da razista biyu kana iya samun har 15W.

Sai ka wuce 5V ne maganar PD ke shigowa. Kuma yadda abin ke tafiya ciniki ne irin na kasuwa, caja ta fara baza kayanta ta ce ina da 5V, ina da 9V, ina da 15V, ga amfiyan kowanne, kai kuma ka nuna ɗaya ka ce wannan nake so, ta ce na sallama, ta ɗaga wutar, sannan ta ce to ga shi ya kai. Duk wannan hirar a kan ƙafar CC guda ɗaya ake yinta da gudun 300kbps, ba ruwanta da ƙafafun D+ da D- da Quick Charge na Qualcomm ke amfani da su. Aisin PD shi ne mai yi maka wannan maganar. Ba shi ke rage wuta ko ɗaga ta ba, wannan aikin cajar ne, mutane da yawa suna ruɗewa a nan su ɗauka in sun sa aisin zai ƙirƙiro 20V daga cajar da ba ta da shi.

To yanzu ɗauko kan caja ka juya bayansa, ka kawo shi kusa da ido ko ka ɗauki hoto ka zuƙo, rubutun ƙanana ne sosai launin toka a kan fari. Za ka ga layi kamar 5V 3A, 9V 2.22A shikenan, wannan ta 20W ce irin ta Apple. Wata za ka ga 5V, 9V, 15V, 20V 3.25A, ta laftof kenan mai 65W. Ka lura da abin da babu a duka biyun? 12V. Kuma mu nan rayuwarmu gaba ɗaya 12V ce, rauta, dikoda, fanka mai caji, kyamarar tsaro, fitilar LED ta shago, duk 12V. A PD na farko na 2012 akwai 12V a jerin, daga baya USB-IF, ƙungiyar da ke tsara dokar USB, suka cire shi daga na dole, wanda ya ga dama ya sa wanda bai ga dama ba ya bari. Na dolen su ne 5V har 15W, in caja ta wuce 15W dole ta ba da 9V, in ta wuce 27W dole 15V, in ta wuce 45W dole 20V. Abin ban haushin ma shi ne ƴan fawabank na 18W da 20W da yawa suna da 12V 1.5A, amma babbar cajar laftof mai tsada sai ka ga ba ta da shi. Don haka in ka gina bod ɗinka a kan 12V kai tsaye daga caja, zai yi aiki a teburinka da fawabank ɗinka, ka sayar wa Alhaji ya je gida ya sa tasa cajar ya dawo maka da shi gobe yana faɗa.

Ni yadda nake yi, in kaya na 12V ne kuma zai fita hannuna, 15V ko 20V nake nema sai in sauke shi zuwa 12V da konbata mai rage wuta, MP1584 ya isa ga rauta, yana ɗaukar har 28V a shiga. In kuma ina so ya yi aiki ko da cajar waya ce mai 9V, sai in sa konbatan nan mai iya ragewa da ɗagawa duka, ya fi tsada amma ba ruwanka da abin da caja ta bayar, muddin wat ɗin ya isa. Rauta mai 12V 1A ai 12W ce, cajar 20W za ta ɗauke ta lafiya lau ko da an cire asarar konbata.

Yanzu su aisin kansu. Mafi arha kuma wanda kowa ke fara sani shi ne CH224K na kamfanin WCH da ke Nanjing a China. Ƙafa 10 ne, ana iya soda shi da hannu in idonka na da kyau, ba kod ba komai, razista ɗaya a ƙafar CFG1 ke zaɓa maka wuta, 6.8k ta ba ka 9V, 24k 12V, 56k 15V, in ka bar ƙafar ba komai 20V. Shi ne a cikin yawancin ƴan mojul ɗin nan da ake sayarwa masu ɗan suwic uku. Gaskiya ina son shi, don gwaji a tebur ko abin da ni zan yi amfani da shi da cajar da na sani babu kamarsa. Amma ka sa mita a bakin fita ka soka igiya ka zuba ido, za ka ga ta fara nuna 5.0 ko 5.1 na ɗan lokaci kaɗan sannan ta yi tsalle zuwa 15. Wannan 5V ta farko tana shiga kayanka kai tsaye domin aisin ba ya tsakanin caja da kaya, a gefe yake yana magana kawai. In kuma cajar ba ta da abin da ka nema ba zai yanke ba, wutar da ke ƙasa da haka ce za ta zauna a bod ɗin. Fitila ba ta damu ba sai dai ta yi dishi-dishi, amma konbata ko ƴar mota irin ta famfon ruwa in wuta ta yi ƙasa sai su ja amfiya da yawa, caja ta yanke, ta sake kunnawa, ta sake yankewa, ka ji abu yana ta kyaf-kyaf. Yana da ƙafar PG da ke sauka ƙasa in an samu wutar da aka nema, to ka yi amfani da ita ka kunna konbatanka ko mosfet, wato taransistan da ke aikin suwic, kar ka bar ta a banza kamar yadda yawancin zanen da ke yawo suke yi.

Wani ɗan abu game da shi da ba kowa ke lissafawa ba, wutar da shi kansa yake ci ta razista 1k take shiga daga VBUS, wato layin da wutar caja ke shigowa, a ciki ya riƙe ta wajen 3.3V. In kana kan 20V to kusan 17V ke faɗuwa a kan razistar nan, in ka buga lissafi ya ɗan haura kwata na wat. Ƴar mitsitsiyar 0603 wat 0.1 take ɗauka. Ka sa 1206 ko ma biyu ka raba musu nauyin, balle a zafinmu na watan Maris da Afrilu a cikin akwatin roba da ba iska, taɓa ta da yatsa bayan minti goma za ka gane.

HUSB238 na Hynetek ɗan mataki ne gaba, shi ma da razista kake saita wuta amma har amfiyan da kake nema kana saitawa, yana da ƙafar da za ta tuƙa mosfet, kuma in kana da maikuro a bod ɗin, wato ƴar ƙwaƙwalwar da ake rubuta wa kod, za ka iya tambayarsa ta I2C, layi biyun da aisi ke magana da maikuro ta kansu, me cajar nan take da shi sannan ka zaɓa. Ga ɗalibi mai furojet da ƴar sikirin wannan ya yi, ka nuna wa malamai jerin wutar caja a kan allo, abin yana burgewa a difens.

Waɗanda nake kai hannu gare su in abu zai je gidan wani su ne STUSB4500 da CYPD3177, kuma dalilin shi ne wancan tambayar tawa ta farko. STUSB4500 na STMicroelectronics ne, yana da ƴar ma'ajiya a ciki da ba ta gogewa in wuta ta tafi, kana rubuta masa zaɓi uku, na farko 5V ne dole, sauran biyun naka ne, yana fara gwada na ukun in bai samu ba ya sauko na biyu in bai samu ba ya tsaya a 5V. Daga masana'anta yana zuwa da 5V 1.5A, 15V 1.5A da 20V 1A, don haka hattara, in ka soda shi ka soka cajar laftof ba ka canza komai ba 20V zai nemo maka, in kayanka na 12V ne sai hayaƙi. Ana rubuta masa sabon saiti ta I2C sau ɗaya, Arduino ma ta isa, daga nan ba ya sake buƙatar maikuro. Abin da ya sa nake biyan kuɗinsa shi ne yana tuƙa mosfet da ke tsakanin caja da kaya, kuma kana iya saita shi ya ƙi buɗewa sam sai an samu abin da ya wuce 5V. Wato in an sa masa cajar banza kayan ba za su tashi ba kawai, ba ƙonewa ba kyaf-kyaf, mai shi ya canza caja.

CYPD3177 kuwa na Cypress ne, kamfanin da Infineon ta saye a 2020, kuma an ƙera shi ne musamman don maye gurbin bakin nan mai zagaye na adafta. Ba rubuta komai, da razistoci kake gaya masa mafi ƙarancin wutar da za ka karɓa da mafi yawa da kuma amfiyan da kake so, shi kuma ya duba jerin caja ya ɗauko mafi girma da ta faɗo a tsakani. Wannan tsarin ya dace da mai konbata sosai, ka ce masa daga 15V zuwa 20V duk wanda ya samu. In bai samu ba yana da ƙafar da ke nuna matsala, ka sa mata jar fitila, kuma yana da hanya ta biyu ta 5V da za ka iya ciyar da maikuro da ita ya rubuta a sikirin cewa cajar nan ba ta isa ba. Aibin su biyun ɗaya ne, QFN ne mai ƙafa 24 milimita 4 da 4, ƙafafun a ƙarƙashi suke, kan soda ba zai yi ba sai bulowa da fulos mai kyau. Ga masu gyaran waya wannan ba komai ba ne, wanda ke ɗaga aisin caji na waya kullum QFN wasa ne a wajensa, amma ɗalibin da bai taɓa riƙe bulowa ba gara ya kai wa mai gyara ya ɗora masa ko ya sa masu buga bod irin JLCPCB su ɗora tun daga can.

Akwai kuma maganar ƙura wadda takardun bayanin ba don mu aka rubuta su ba amma ta fi shafarmu. Ka ɗauki wayar ɗan acaɓa bayan hunturu ka haska cikin bakin cajinta a ƙarƙashin madubi, abin da za ka gani ƙura ce ta haɗu da zaren aljihu ta dunƙule ta yi tauri, wani lokaci da ɗan kore-kore na tsatsa inda gumi ko ruwa ya shiga. Tazarar ƙafafun Type-C rabin milimita ce, kuma ƙafar CC maƙwabciyar VBUS ce, A4 wuta A5 CC1, haka a ɗaya gefen B4 da B5. In kana kan 20V aka fizge igiya a karkace ko datti mai laima ya haɗa su, 20V ta hau ƙafar da aka yi don 5V. STUSB4500 ƙafafun CC ɗinsa suna jure har 22V, wannan kaɗai ya isa dalili. Duk aisin da za ka saya ka nemo wannan layin a takardar bayaninsa, nawa CC ke jurewa, in 6V ka gani to sai ka ƙara masa kariya daga waje.

Sai FUSB302, wanda yara masu son kod ke rugawa gare shi saboda arha ne kuma sunansa ya yi yawa. Na Fairchild ne asali, yanzu onsemi tun da suka saye su a 2016. Shi wannan baki ne da kunne kawai, zai aika saƙo ya karɓo saƙo ya duba ko ya iso daidai, amma me za a ce, yaushe za a ce, in caja ta yi shiru me za a yi, duk kai za ka rubuta a maikuro. Dokar PD shafi ɗaruruwa ce kuma cike take da agogo, misali in caja ta baza jerinta tana jiran amsarka cikin abin da bai fi milisakan 30 ba, in ka makara sai ta yanke wutar ta fara daga farko, kuma in maikuron naka daga wannan wutar yake ci to shi ma ya mutu ya sake tashi, haka za ku yi ta zagaye. Mai kod ɗin Arduino da ya cika shi da jira nan jira can ba zai ji daɗi ba. Ba wai ba ya aiki ba ne, ƙarfen sodan nan Pinecil da shi yake amfani kuma manhajarsa IronOS a buɗe take kowa na iya karantawa, in koyon PD kake so daga tushe to bismilla, hanya ce mai kyau. Amma in burinka kawai fanka ta juya, me ya kai ka? Haka su STM32G071 da CH32X035 da suka zo da sashen PD a cikin maikuron kansa, suna rage maka aisi ɗaya a bod amma aikin manhajar yana nan, ST ma da kansu sun yi wani ɗan aisi TCPP01-M12 da ake sawa a gaba don kare ƙafafun CC.

In abin da kake so shi ne wutar da za ka riƙa murzawa kaɗan-kaɗan, kamar ƙaramin fawa saflai na tebur ko cajin batir kai tsaye, PPS (Programmable Power Supply) kake nema, wanda aka ƙara a PD 3.0 a 2017, yana tafiya da matakin 20mV daga 3.3V har 21V gwargwadon cajar. AP33772 na Diodes yana yinsa ta I2C ba sai ka rubuta dukkan dokar ba. STUSB4500 ba ya yi. Kuma a PPS dole a riƙa sabunta buƙata aƙalla duk sakan 10 in ba haka ba caja ta koma 5V. Ta wannan hanyar ma ana samun 12V daga cajar da ba ta rubuta 12V ba, in dai tana da PPS ɗin da ya kai, sai dai ba kowace ke da shi ba, ka koma gidan jiya kenan.

Duk abin da na faɗa a sama na mai karɓar wuta ne. Masu akwatin sola su bayarwa suke so, mutum ya zo ya soka wayarsa ko laftof, to wannan aisi daban ne gaba ɗaya, CH224K ba zai taɓa ba da wuta ba. A nan kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko 5V a liƙa kai tsaye a bakin Type-C mace ana ganin kamar tsohon USB ne. Doka ta ce bakin ya zauna ba wuta sai an ji mai karɓa, domin igiyar kai biyun iri ɗaya ne, wani zai iya haɗa akwatinka da cajar bango su yi karo. Mojul ɗin SW3518 da ake yawan saya yana da kyau amma mai rage wuta ne kawai, daga batirin 12V ba zai ba ka 20V ba ko an rubuta 100W a tallan, waya za ta yi caji da sauri a 9V, laftof kuwa ko dai ya ƙi ko ya riƙa ja a hankali. A tsarin 24V ne yake sakin jiki. In batirinka 12V ne kuma laftof kake nufi sai mai ragewa da ɗagawa. IP2368 na Injoinic yana yin haka, baki ɗaya ya karɓa ya kuma bayar har 100W, da sel lithium 2 zuwa 6 a jere, amma ka tanadar masa ƙarfen shan zafi. Na manya irin TPS25750 na Texas Instruments suna haɗuwa da aisin cajin batir su tuƙa shi da kansu, sai dai saitinsu da manhajar kwamfuta ake yi a zuba a EEPROM, ƴar ma'ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta tafi, aiki ne na wanda zai buga bod da yawa ba guda biyar ba.

Duk bakin da ke karɓa kuma yake bayarwa, ka tabbata aisin yana da abin da suke kira yanayin mataccen batir. Ma'ana ko batir ya mutu murus, aisin ba wuta, ƙafafun CC su nuna 5.1k ɗin nan da kansu. In babu, caja tana jiran ta ji razista, aisi yana jiran wuta kafin ya nuna razista, ba mai motsi, kaya sun zama dutse sai an buɗe an yi wa batir jam. A garin da ake iya kwana biyu ba wuta batir zai mutu murus ɗin, ba wai ƙila ba.

Igiya ma tana cikin lissafi. Ta yau da kullum 3A ce iyakarta, wato 60W a 20V, in kana son 5A sai mai ɗan aisi a cikin kanta da ke gaya wa caja cewa zan iya, in caja ba ta ji shi ba ba za ta ma sa 5A a jerinta ba. Ita kuma igiya mai babban kai a gefe ɗaya ba PD a cikinta ko kaɗan, razista 56k ce kawai a ciki, to cajojin nan da ke zuwa da wasu wayoyi an rubuta 33W ko 45W amma bakinsu irin na da ne, yarensu daban ne na kamfaninsu, aisinka na PD 5V kawai zai samu a wajensu. Irinsu sun fi yawa a gidajenmu, shi ya sa nake ta nanata jar fitilar nan. Batun 240W na PD 3.1 da ya fito a 2021 da 28V da 36V da 48V, wannan sai caja ta musamman da igiya ta musamman, ga aikinmu na nan ban ga abin da zai kai mutum can ba tukuna.

Ƙananan abubuwa da ke gefen aisin kuma, kafasitan da ke manne da VBUS kafin mosfet kar ya wuce 10µF, in ka tara manya a nan caja za ta ga kamar shot ne lokacin sokawa ta yanke, manyan su koma bayan mosfet. In 20V kake nema kar ka sa kafasita mai 25V ka ce ai ya wuce, na yumɓun nan ƙarfinsu raguwa yake in wuta ta matso iyakarsu, sa mai 35V ko 50V, ka ƙara dayod na TVS, mai shanye tsallen wuta na bazata. Bakin kansa in wuta kawai kake so sayi mai ƙafa 6, VBUS da ƙasa da CC biyu, sodansa ba wahala, mai 16 sai in kana buƙatar data, mai 24 kuwa wahalar da kai ne kawai.

Wajen saye, razista da mosfet da konbata ana samu a gari ko a aiko maka daga Sabon Gari a Kano, amma su aisin PD ɗin yawanci sai oda, LCSC ko AliExpress, ga canjin dala ga jira. Ka duba akwai shi da yawa a sito kafin ka zana bod a kansa, kuma ka sayi fiye da abin da kake buƙata tunda bulowa na cin nata rabon. In guda ɗaya ko biyu za ka haɗa ma ka sayi mojul ɗin da aka riga aka haɗa ka ɗaure shi a akwati, ba abin kunya ba ne. Kuɗin da zan ce kar ka yi wa rowa shi ne na ƴar mitar USB irin FNB58, tana karanto maka jerin da caja ke bayarwa a sikirin, sai ka ga wata an rubuta 65W a jiki amma jerin a 12V ya tsaya. In ka gama bod ka gwada shi da cajar waya ƙarama, da ta laftof, da fawabank, da igiya mai babban kai, da igiyar 5A mai kauri, kuma kowacce ka zare ka juya kan ka sake sokawa, domin in ƙafar CC ɗaya ba ta kama dalma ba gefe ɗaya ne kawai zai yi aiki.